An ƙi buƙatar EB-1C ɗina: in ɗaukaka ƙara ko a sake shigarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 5 ke nan ina riƙe da reshen kamfaninmu a Houston da bizar L-1A, wadda ake ba manajan da kamfani ya turo reshensa na Amurka. Kamfanin ya shigar mini da fom I-140, matakin farko na neman zama na dindindin a Amurka, a rukunin EB-1C na manajojin kamfanonin ƙasa da ƙasa, sai ga takardar USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, wai ba a nuna aikin manaja nake yi ba. Kwana 12 ke nan barci ya gagare ni. Wani ya ce mu ɗauki ma'aikata 3 yanzu, mu gyara jadawalin muƙamai, sannan mu ɗaukaka ƙara. Hakan zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka kwantar da hankalinka, amma kada idonka ya bar kalanda. Kwana 30 ne wa'adin daga ranar hukunci, 33 in ta gidan waya takardar ta zo, kuma ranar da fom I-290B na ɗaukaka ƙara ya isa hannun USCIS ake lissafi da ita, kuɗinsa dala 800. Kamfanin ne mai ƙara, shi zai sa hannu. In ka shigar da ƙarar da sunanka za a yi watsi da ita. Ofishin da ya yanke hukuncin yana da kwana 45 ya sake dubawa, in bai janye ba ya tura wa AAO, ofishin ɗaukaka ƙara na USCIS, wanda yake ƙoƙarin kammalawa cikin kwana 180.

Yanzu ga shawarar mutumin nan. Ita ce ta fi kowace cinye kuɗin jama'a, kuma 'yan cuwa-cuwar biza ba sa gajiya da sayar da ita. AAO yana duba yadda kamfanin yake ne a ranar da aka shigar da I-140. Ma'aikacin da ka ɗauka bayan wannan rana, ko digiri goma gare shi, ba ya cikin lissafi. Haka bayanin aiki: in da farko an rubuta kai ne kake neman kwastoma, kake fitar da rasit, kake bin kaya a tashar jirgin ruwa, sai a takardar ɗaukaka ƙara aka ce kashi 80 na lokacinka tsara manufofi ne, jami'in zai ajiye takardun biyu gefe da gefe ya ga saɓani. Daga nan sauran hujjojinka ma sun shiga zargi.

Mafi muni shi ne a mayar da kwanan wata baya, ko a cusa sunan ɗan'uwa a jadawali. Fom 941 da kamfani yake kai wa hukumar haraji duk wata uku yana nuna mutum nawa aka biya albashi, ga kuma W-2, takardar albashin shekara ta kowane ma'aikaci. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. In aka kama ta, hukuncinta haramcin shiga Amurka na har abada, ejan ɗin kuwa ya riga ya kashe wayarsa.

Kuma a daina cewa "ai sun ba ni L-1A, dole su ba ni wannan". Ba dole. Babban muƙami a katin ofis ma ba hujja ba ne. Tambayar ita ce wa yake yin aikin yau da kullum in ba kai ba.

Ƙara tana da amfani in jami'in ya tsallake hujjar da take cikin fayil, ko ya yi hukunci da ƙarancin ma'aikata kawai. Hukuncin AAO mai suna Matter of Z-A- na 2016 ya yarda a lissafa ma'aikatan uwar kamfani a ƙasar waje da suke ɗauke wa manaja aiki, Matter of G- na 2017 kuma ya fayyace manajan da yake riƙe da muhimmin sashen aiki ko babu mutane kai tsaye a ƙarƙashinsa. Lauya zai iya aika cikakken bayani cikin kwana 30 bayan shigar da fom.

In kuwa gaskiya kamfanin bai girma ba a wancan lokaci, ku ɗauki ma'aikatan da gaske, albashinsu ya fito a takardun haraji, sannan a shigar da sabon I-140. Da kuɗin gaggawa ana samun amsa cikin kwanakin aiki 45. Iyakar L-1A shekara 7 ce, saura maka 2, kuma ɗaukaka ƙara ba ta ƙara maka ko kwana ɗaya a kai.