Wace manhaja ce ta dace da tattara manazarta a binciken haɗin gwiwa?

Ka nemi sanin yadda kai da abokan bincikenka za ku tara maƙalun da kuke karantawa a wuri guda. Shawarata ita ce ku rungumi Zotero, manhajar kyauta da ta fito a 2006. Da zarar ka liƙa mata lambar DOI ta maƙala, wato lambar shaida ta musamman da ake gane maƙalar da ita a intanet, da kanta take cike sunan marubuci da shekara da mujalla, sannan ta jera manazarta a Word bisa salon da kuka zaɓa. Ku buɗe rumbun rukuni kowa ya riƙa zubawa, amma lallai a bi sunayen marubuta da ido, domin sukan zo a birkice. Gurbin ajiya na kyauta megabait 300 ne kacal, kuma fayilolin rukuni daga kason wanda ya mallaki rukunin ake cire su.