FreeRADIUS yana amsa min a gida, amma ya ƙi kula rautar da ke nesa

Tambaya: Ina sayar da intanet ta wayafai da tikiti. Na ɗora FreeRADIUS, manhajar da ke tantance masu shiga, a sabar Ubuntu da na yi haya, rautata kuma MikroTik ce a shago. In na gwada radtest, umarnin gwajin shiga, a cikin sabar sai ta amsa da Access-Accept, wato ta amince, amma kwastoma ya saka tikiti ba ya shiga. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, gwajin da ka yi bai tabbatar da komai game da rautarka ba. FreeRADIUS yana zuwa ne da sanin sabar kanta kaɗai a matsayin abokiyar hulɗa, wato 127.0.0.1 (da ::1), da kalmar sirrin haɗin gwiwa testing123. Sabar ta amsa wa kanta ne kawai.

Tukuna ka bambance shiru da ƙi, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Tsayar da sabis ɗin, ka tashe shi da freeradius -X, sannan wani ya saka tikiti kana kallon allo.

In ba abin da ya motsa, saƙon bai iso ba. RADIUS, yaren da rautar da sabar ke magana da shi, yana bin UDP ne, ƙofa 1812 don tantancewa, 1813 don lissafi, kuma mutane da yawa TCP suke buɗewa bisa kuskure. Duba ufw, katangar tsaron Ubuntu, ka duba katangar tsaron kamfanin da ya ba ka hayar, ita ce aka fi mantawa da ita. Umarnin tcpdump -ni any udp port 1812 zai raba gardama. Tsofaffin na'urori wasu har yanzu 1645 suke nema.

Ni dai na fi zargin dalili na biyu na shirun. In ka ga layin da ke cewa "unknown client", saƙon ya iso, sabar ce ta yi watsi da shi da gangan. Haka ƙa'idar RFC 2865 ta shekarar 2000 ta tanada: baƙon da ba a sani ba, ko "a'a" ba a ce masa. Buɗe /etc/freeradius/3.0/clients.conf ka saka rautar. Sai dai a nan ake tuntuɓe: adireshin da za ka rubuta shi ne wanda ya bayyana a wancan layin, ba 192.168.88.1 da kake gani a shago ba. Sabar tana duba inda saƙon ya fito a zahiri, ba ta damu da abin da rautar ta rubuta a NAS-IP-Address ba. In kuma da layin waya kake haɗa shagon, adireshin nan na haɗaka ne da dubban mutane, yau wannan gobe wancan. Za ka ji masu cewa ka rubuta 0.0.0.0/0 ka huta. Kada ka yi, barin ƙofa ne a buɗe ga duniya. Haɗa rautar da sabar ta WireGuard, rufaffen rami tsakanin na'urori biyu, wanda RouterOS 7, manhajar MikroTik, ke da shi, ka yi amfani da adireshin cikin ramin, shi ba ya canzawa. Bayan kowane gyara a fayil ɗin sai ka sake tashin sabis.

Sirrin da ke tsakaninsu ma yana iya saɓawa, ko da harafi ɗaya. Wani lokaci allon zai faɗa ƙarara, wani lokaci sai ka ga kalmar sirrin kwastoma ta koma tarkacen haruffa. Goge shi a ɓangarorin biyu ka sake bugawa da hannu. Tun bayan raunin BlastRADIUS da aka bayyana a Yulin 2024, sababbin sabar kan iya jefar da saƙon da ba shi da hatimin Message-Authenticator, don haka tsohuwar RouterOS tana bukatar sabuntawa.

In kuwa Access-Reject, wato ƙi, kake gani sosai, to hanya lafiya lau, saura hanyar tantancewa. Akwai hanyoyin tantance kalmar sirri biyu a nan, PAP da CHAP: shi radtest da PAP yake gwaji, shafin shiga na MikroTik kuwa CHAP ya saba amfani da shi, kuma CHAP ba ya aiki sai sabar tana riƙe da kalmar sirrin a fili, a matsayin Cleartext-Password. In an adana tikitocinka a murɗe da MD5 ko SHA, PAP zai wuce, CHAP zai faɗi kullum. Gwada radtest -t chap a cikin sabar. In ya faɗi a nan ma, ka gyara yadda aka rubuta tikitocin a teburin radcheck na rumbun bayananka.