Ka ba ɗalibi aiki a wayarsa, sannan ka kama bakinka

Hamadu, ka tambaye ni dalilin da ya sa na ce kada ka miƙa shafin intanet na laburaren jami'ar nan tukuna, alhali shugaban laburaren da ma'aikatansa sun duba a kwamfutar ofis sun ce ya yi. Ɗana, a ido aikinka ba shi da laifi. Sai dai waɗanda suka yaba ɗin sun san inda kowane littafi yake ko da an ɗauke wuta. Wanda muka gina wa shafin shi ne ɗalibin shekarar farko da ya zo daga Yagwa ko Kuseri a Arewacin Kamaru, yana ɗakin haya da wayar Itel ko Tecno mai tsagaggen gilashi, da ɗan datan da ya saya da ragowar kuɗin abinci. Shi ba mu ji ta bakinsa ba.

Abin da ke kawo shi bai da yawa. Yana so ya san ko akwai littafin da malaminsa ya ambata, ko yana kan kanta ko wani ya ara, a wane ɗaki yake, kuma ƙarfe nawa ake rufewa. Na shekarar ƙarshe yana ƙara neman kundin binciken waɗanda suka gabace shi da mujallun ilimi. Idan ya sami waɗannan ba tare da ya buga wa abokinsa waya ba, shafin ya yi. Idan bai samu ba, kyan launi ba zai mayar masa da datansa ba.

Ka nemo ɗalibai biyar, maza da mata, sababbi da tsofaffi, kowa da wayarsa da layinsa, wani MTN wani Orange. Kada ka raina biyar. Jakob Nielsen, wanda ya daɗe a fannin gwada sauƙin amfani da shafukan intanet, ya nuna a shekarar 2000 cewa mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da shafi. Bayan haka abu ɗaya za ka yi ta gani. Kada ka zaunar da su a ofishin shugaba. Ka san tarbiyyar yaranmu: a gaban babba, ko sun ɓace ƙurmus, za su ce “ya yi kyau, Malam.” Ka same su a inuwar darbejiya ko wurin mai shayi, ɗaya bayan ɗaya, ka fara da gaya wa kowa cewa shafin ake gwadawa, ba shi ba.

Kuma kada ka tambaye shi ra'ayi, aiki za ka ba shi. Ka ce: “Malaminka ya ce ka karanta wani abu kan noman auduga a Arewacin Kamaru. Duba ko akwai, ka gaya mini inda za ka je ka ɗauko.” Daga nan sai shiru. Nan ne wahalar take, domin za ka ga babban yatsansa yana shawagi a kan maɓallin da ka kwana kana gyarawa, ya wuce shi, ya koma baya, ya sake wucewa. Bakinka zai yi ƙaiƙayi. Da ka ce “danna can”, ka ɓata gwajin, tunda ranar da zai shiga shi kaɗai da tsakar dare ba ka kusa. Ka rubuta inda ya tsaya, da abin da ya danna bisa kuskure, da kalmar da ya furta yana nema. Wannan kalmar ita ya kamata ta hau maɓallin.

Tun yanzu zan iya gaya maka wasu wuraren da za su yi tuntuɓe. Hotunan gini da ka jera a sama suna juyawa, su za su fara cinye datan kafin akwatin bincike ya bayyana, shi kuma yana can ƙasa sai an ja allo. Ka hau da shi sama. Manhajar da ke riƙe da jerin littattafan, Koha ce ko PMB, tana zuwa da sunayen da ma'aikata kaɗai ke ganewa, irin su OPAC. Ka rubuta “nemi littafi” da harshen da ɗalibi ke karatu da shi. Ka gwada kuma ko binciken na gane “Ngaoundere” idan an rubuta ba tare da alamomin kan wasali ba, don ba mai tsayawa saka su a waya. Sannan idan sakamako ya fito, lambar littafi kaɗai ba ta isa ba. Wanda bai san tsarin Dewey na jera littattafai da lamba ba, 633 ba ta gaya masa komai. Ka ƙara masa sunan ɗaki da kanta.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na mujallu. Akwai shirin Research4Life da ke buɗe wa jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun ilimi kyauta ko da rahusa: Hinari na lafiya tun 2002, AGORA na noma tun 2003. Ka ga ɗalibi yana yawon roƙon maƙala a WhatsApp, ga ta nan jami'arsa na da izinin karantawa, amma an binne ƙofar a shafi na uku ba tare da an faɗi wanda zai ba shi kalmar sirri ba. Ka fito da ita fili, ka rubuta ofishin da zai je. Kowane fayil na PDF kuma ka sa nauyinsa a gefe, mutum ya san abin da zai kashe kafin ya danna.

Batun harshe ma ka duba. Kamaru Faransanci da Ingilishi take aiki da su, don haka maɓallin sauya harshe ya kasance a kowane shafi. In aiki ya kai ka Injamena, can Faransanci ne da Larabci, kuma Larabci daga dama yake farawa, dole tsarin shafin ya juya gaba ɗaya. Rubutun nan mai ruwan toka da kake so kuwa, fita da wayar cikin ranar Garwa ka gani ko zai karantu.

Ka koyi wannan da kyau, don aikin zai yi ta zuwa: bayan jami'ar Ngaundere ta 1993 da ta Marwa ta 2008, ga jami'ar Garwa tun 2022. Ranar Litinin ka fara gwajin, ka kawo mini takardar da ka rubuta, mu gyara abu uku mafi muni, ka sake neman wasu biyar daban. Shi kuma shugaban laburare, na san zai so jawabinsa da hotonsa su zauna a sama. Wannan ka bar mini, ni zan je in same shi da takardarka a hannu.