Tambaya da Amsa: Wai falsafar Jamusawa ce ta kai su yaƙi?

Tambaya: Salam Malam. Lakcaranmu ya ce falsafar su Kant da Hegel ce ta gyara makarantun Jamus, kuma wai ita ce dai ta kai su yaƙi. Ni fa ban gane ba, ta yaya mutum yana ɗaki yana rubutu zai jawo yaƙi? Kuma me ya haɗa su da waƙa da zane? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumussalam ɗana. Lakcaranku bai yi ƙarya ba, ya dai dunƙule zancen da yawa.

Abin ya faro ne daga Kant, wanda a 1781 ya fito da babban littafinsa yana cewa hankalin mutum ba ya karɓar duniya haka nan yadda take, shi ma yana da hannu a yadda muke ganinta, kamar mai tabarau ne da ba ya iya cirewa. Su Fichte da Schelling da Hegel suka ɗora a kai, suka ce in haka ne to ai tunani ne ke jan ragamar tarihi.

Sai ga Napoleon, sarkin Faransa. Ranar 14 ga Oktoba 1806 sojojin Faransa suka yi wa Prusiya, masarautar Jamusawa mai hedkwata a Berlin, kaca-kaca a Jena, kuma Hegel yana cikin garin, ana gobe yaƙin ya hangi Napoleon a kan doki har ya rubuta wa abokinsa wasiƙa yana kiransa ruhin duniya, mutumin da ya zo cin ƙasar fa! A 1807 yarjejeniyar Tilsit ta raba Prusiya da kusan rabin ƙasarta. To nan Fichte ya miƙe a Berlin, sojojin Faransa na sintiri a titi, ya yi lakca 14 daga ƙarshen 1807 zuwa 1808 yana cewa tunda an ci mu da bindiga sai mu sake ƙera Bajamushe tun daga aji, ɗan talaka da ɗan mai kuɗi duk ɗaya, har ma ya so a raba yara da iyayensu gwamnati ta yi renonsu, wannan kam ni ban bi shi ba. A 1810 Wilhelm von Humboldt ya kafa jami'ar Berlin a kan cewa malami ya riƙa bincike yana koyarwa, kuma Fichte ne shugabanta na farko da aka zaɓa.

Batun yaƙi kuwa bakinsu bai zo ɗaya ba. Kant a 1795 ya yi rubutu kan zaman lafiya na dindindin, ya ce a hankali a rushe rundunonin soja na kullum. Hegel ya ƙi, ya ce yaƙi na hana al'umma ruɓewa yadda iska ke hana ruwan teku wari. Shi kuma Fichte ya cika baki da cewa yaren Jamusanci ya fi na maƙwabta asali, kuma irin wannan magana ce masu zafin kishin ƙasa, har da 'yan Nazi daga baya, suka tsinta suka yi yadda suke so da ita. Amma a ce Hegel ne ya kawo Hitler, wannan an yi nisa, shekara sama da 100 ce tsakani. Fichte kansa yaƙin ne ya ci shi, matarsa ta ɗauko zazzaɓi wajen jinyar sojoji ta shafa masa, ya mutu a 1814.

Waƙa da zane, a taƙaice: Schiller, marubucin waƙoƙi na Jamus, ya ga yadda juyin juya halin Faransa ya koma sare kawuna, sai a 1795 ya ce mutumin da ba a tarbiyyantar da zuciyarsa da kyawawan abubuwa irin su waƙa da zane ba, ko an ba shi 'yanci ɓarna zai yi da shi.

Abu ɗaya da lakcaranku ya kamata ya gaya muku, Hegel ya ce Afirka ba ta cikin tarihin duniya, alhali a zamanin nan nasa Muhammadu Bello da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u suna ta rubuta littattafai da waƙoƙi. Kuma Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe wanda a jami'ar Berlin ɗin nan ya yi karatu, da ya iso Gwandu a 1853 a nan aka ba shi aron Tarikh al-Sudan, littafin tarihin Timbuktu da daular Songhai, ya zauna yana kwafa.