Saudiyya Bayan Man Fetur

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Saudiyya za ta rasa ƙimarta idan duniya ta rage dogaro da man fetur. Gaskiya ba za ta rasa ba, sai dai faɗa-a-jinta zai ragu. Mai ne ya sa Amurka da Sin ke sauraronta, domin tana iya ƙara ganga ko ragewa ta kaɗa farashi, kamar yadda aka gani a 1973, lokacin da ita da wasu ƙasashen Larabawa suka rage haƙo mai, farashi ya yi tashin gwauron zabo.

Amma Makka da Madina sun daɗe kafin rijiyar Dammam ta 1938, inda aka fara samun man fetur mai yawa a Saudiyya. Da na je aikin Hajji, a Arfa na tsaya tsakanin ɗan Indunusiya da Baturke, kowa na kuka da harshensa, kuma babu wanda mai ya kawo. Sharaɗin ɗorewar wannan ƙima shi ne mahukuntan Saudiyya su riƙe amanar alhazai, kada tsada ta hana talaka zuwa.