Himmata tana mutuwa bayan mako biyu

Tambaya: Malama, ina son tara kuɗin keken ɗinki. Nakan fara da zafi, bayan mako biyu sai in saki. Ina mafita? Daga mai karatu a Tawa.

Amsa: Ƴar'uwa, himma wutar kara ce, kada ki dogara da ita. Yanke abin da ba zai gagare ki ba ko ranar da kasuwa ta mutu: dala 40 ta kuɗin sefa kullum, jika 6 ke nan a wata. Ki jefa a asusu da safe, kafin cefane, don kuɗin da ya kai dare katin waya ke cinye shi. Ranar da kika tsallake, kada ki ninka washegari. Ninkin ne ke karya mutane. In asusun ya faye fasuwa, shiga adashe, ki roƙi uwar adashe ta ba ki kwasar ƙarshe.