Kafin ki ɗora wa jinin laifi, a duba hannunta

'Yar uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce ana cikin yi wa 'yarki mai sikila ƙarin jini ta kama rawar ɗari, jiki ya yi zafi rau, aka cire ledar aka ce miki jinin ne bai karɓe ta ba. Yanzu PCV, wato awon yawan jinin jikinta, ya sake sauka, kina tsoron sa hannu a ƙara mata. Abin da ya same ni da yarona ke nan.

Kwananmu biyar a gadon asibiti lokacin, ciwon ƙashi ya kwantar da shi. Aka ɗaura jini da yamma. Ko rabin awa ba a yi ba ya hau karkarwa, haƙora suna haɗuwa kaf-kaf, har gadon ƙarfen yana ƙara. Na ruga na kira nas, ta zo ta rufe robar. Wannan kam daidai ta yi, ko yau haka nake so a yi. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a rai. Na tambaye ta nawa zafin jikinsa yake kafin a ɗaura, ta dube ni sama da ƙasa ta ce in na fi ta sanin aikin in karɓa in yi. Ashe ba wanda ya auna. Ta rubuta a katinsa cewa jikinsa yana ƙin jini, ta jefa ledar a kwandon shara a kan idona, ledar da ya kamata a mayar ɗakin gwaji. Kuma ƙanena ne ya ba da jinin. Kafin gari ya waye dangin mijina sun gama yanke hukunci, wai jinin gidanmu ne marar kyau. Ƙanen nawa ya zo duba shi ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shigowa, idonsa jajir. Har yau ba ya son a tayar da zancen, ni kuma har yau in na tuno fuskar matar nan sai zuciyata ta tafasa.

Kwana biyu zazzaɓin bai sauka ba. Sai wata likita ta zo zagaye, Allah Ya saka mata da alheri, ta ɗaga filastar hannunsa. Wurin kanular, wato 'yar robar da ake sakawa a jijiya, ya yi ja ya kumbura, jijiyar ta yi tauri kamar igiya, da ta matsa sai ga ɗigon mugunya. Tun ranar da aka kwantar da mu take hannunsa. Ƙwayoyin cuta ne suka zauna a ciki, duk abin da aka tura ta wurin sai ya kwashe su zuwa jini. Gwaji ya gano su. Gwajin Coombs, wanda ke nuna ko garkuwar jiki tana yaƙar ƙwayoyin jini, ya fito lafiya, aka sake haɗa jininsa da samfurin na ƙanena da ya rage a ɗakin gwaji, sun dace sarai.

Ita ce ta zaunar da ni ta ce abubuwa da yawa suna kama da wannan. Maleriya tana iya tashi ana tsakiyar ƙarin jini. Sarƙewar numfashi tana iya zama nimoniya, ko ciwon ƙirjin nan namu na masu sikila, ko asma. Borin jini da ƙaiƙayi, ki tambaya wace allura aka yi mata a ranar, domin magani irin ceftriaxone yana kawo su, wani lokaci ma har ya farfasa jini. Mai ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, in aka ba shi maganin primaquine ko dapsone, fitsarinsa zai yi duhu kamar an sa masa jinin da ba nasa ba. Ki riƙa kallon ruwan da ake haɗawa da jinin ma, ruwan gishiri kaɗai ya halatta, na sukari yana lalata shi tun a cikin roba.

Don Allah kada ki ɗauka ina cewa jini ba ya yin illa. Yana yi, kuma yana kisa. Shi ya sa minti 15 na farko ba na ko ƙifta ido, kuma leda ba ta wuce awa 4 a rataye. Ni yanzu da ma'aunin zafina nake zuwa, in auna a gabansu kafin a ɗaura, in rubuta a littafina. Wasu sun tsane ni a kan haka, su ta shafa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a zancenki shi ne saukar PCV ɗin. Akwai illar jini ta gaske da takan ɓuya sai bayan kwana 5 zuwa 14, ta zo da ciwon ƙashi da shawara a ido, kowa ya ce ai sikilar ce ta tashi. In ita ce, ƙara jini ba tare da bincike ba yana iya dagula lamarin. Ki gaya wa likitan ranar da aka yi mata na ƙarshe, ki roƙi a yi Coombs da gwajin maleriya da na ƙwayoyin cuta, a buɗe filastar a duba, sannan ku yanke shawara tare. Kwana nawa ke nan da cire ledar, kuma wane launi fitsarinta yake da safiyar yau? Ki amsa mini, ina nan ina jira. Allah Ya ba ta lafiya.